Injiniya Garzali da Awon Tsinke

A duk faɗin Gyaɗi-Gyaɗi babu wanda ya naɗa Garzali injiniya sai shi da kansa. Aikinsa na ainihi a wani ofishin gwamnati yake, inda yake zuwa ya ɗumama kujera ya dawo gida kafin rana ta take. Amma tun da ya sayi waya mai faffaɗan gilashi ya fara kallon Turawa suna kwance inji suna ɗaurawa, unguwa ba ta sake samun kwanciyar hankali ba. Fankar masallaci ya ce zai ƙara wa gudu, ta koma zuƙe iska tana kaiwa sama. Famfon maƙwabta ya ce ɗigo kawai zai tsayar, sai da aka fito da katifu shanya. Duk da haka in ka kira shi Garzali tsurarsa ba zai waiwayo ba, sai ka haɗa da Injiniya.

A ƙofar gidansu, gindin darbejiya, akwai wata tsohuwar Datsun ruwan madara, motar mahaifinsa marigayi Malam Yusufu. Tun da Malam ya rasu take tsaye a nan, tayoyi sun zauna, kaji sun mai da kujerar baya ɗakin kwanansu. Garzali kuwa yana son motar nan so na gaske, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. A cikinta ya fara riƙe sitiyari yana bisa cinyar ubansa, har yau kuma in ya buɗe ƙofar yakan ce yana jin ƙanshin turaren Malam, ko da yake kowa ban da shi kashin kaji yake ji.

Yayarsa Saudatu, shugabar wata makarantar firamare, mace ce da ba ta iya ganin abu a ajiye ba ta yanke masa hukunci ba. Wata safiya sai ga ta da 'yan gwangwan biyu da kurarsu. Garzali ya fito ya tarar da su suna ƙwanƙwasa bonet.

"Yaya, me waɗannan suke nema a jikin motar Baba?"

"Nauyinta suke dubawa. Ƙarfe ne, za su kai shi inda ƙarfe yake da amfani."

"Ƙarfe? Wannan kike kira ƙarfe? Wallahi a Turai irin wannan ɗakin gilashi ake gina mata, mutane su yi layi suna kallo."

"To nan Gyaɗi-Gyaɗi ne, kaji ne suke layin."

Musu ya yi zafi har sai da mahaifiyarsu, Inna Kulu, ta leƙo daga soro da carbi a hannu.

"Ku rufe min baki haka nan," ta ce. "Autata Safiyya ta kusa sauka. Ranar suna ina so in je Tarauni a motar Malam, a kujerar gaba inda na saba zama. In ta kai ni ƙofar gidan Safiyya da ƙafarta, ba turi ba ja, mota ta zama ta Garzali, kada in ƙara jin bakin kowa. In kuwa ta tsaya a hanya, daga inda ta tsaya waɗannan bayin Allah su wuce da ita. Kun ji ni?"

"Inna, Tarauni kawai?" in ji Garzali. "Ki ce Makka mana."

"Tarauni dai," in ji Inna, ta koma ciki.

Ya kori kaji, ya sa aka ba tayoyi iska, ya aro batir, ya canja fulogi, ya zuba mai. Ya murɗa mukulli. Motar ta yi tari irin na tsohon da aka tasa daga barci, ta yi atishawa, sannan ta kama. Lafiyarta ƙalau! Ya zaga unguwa da ita a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu ko sun gaishe shi ko ba su gaishe shi ba. Da a nan ya tsaya, ya rufe bonet ya jira ranar suna, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma abin da yake ba ni haushi da Garzali ke nan, abu yana zaman lafiyarsa ne yake fi ba shi tausayi.

Sagiru ne ya ja. Sagiru abokinsa ne tun na yarinta, direban adaidaita sahu, mutumin da bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Ya biyo shi a baya ɗauke da buhunan gawayi, ya wuce shi, ya tsaya ya jira shi, ya sake wuce shi daidai teburin mai shayi.

"Injiniya! Tafiya kake ko fakin ka yi?"

"Ɗumama ta nake."

"To ku kama hanya yau da yamma, ka ga ranar suna kun isa. In ba haka ba sai dai ku tarar da yaye."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Garzali ya ji abin har cikin ransa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Wallahi Sagiru, ranar suna ko wucewata ba za ka gani ba, sai dai a ba ka labari."

Washegari ya kwance kan injin gaba ɗaya, abin da kanikawa ke kira tof silinda. Ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ya dawo da wani ɗan gwanjo mai manyan bawul, ya kai aka kankare masa fuska har yana ɗaukar ido. Ya haɗo da kamshaf mai dogayen tozaye, wanda ya ce daga motar tsere aka ciro shi, ko da yake wanda ya sayar masa bai faɗi haka ba. Tsohon kan injin da tsohon kamshaf kuwa, ya kira 'yan gwangwan ɗin Yaya Saudatu ya ba su kyauta a gaban jama'a.

"Ku riƙe wannan," ya ce musu, "shi ne iyakar rabonku a motar nan."

Suka yi godiya, suka ce Allah ya kaimo sauran.

To, sha'anin irin wannan inji ba shi da wuyar ganewa. Kamshaf yana can ƙasa yana juyawa, tozayensa suna tunkuɗo wasu siraran sandunan ƙarfe guda takwas da ake kira fushrod. Su kuma su tunkuɗa roka a can sama, roka ta danna bawul ya buɗe, inji ya shaƙi mai ya fitar da hayaƙi. In sanda ta yi tsawo, bawul ba ya rufuwa. In ta yi gajarta, ba ya buɗuwa yadda ya kamata, ita kuma sai ta yi ta rawa a gurbinta har ta fice. Wanda ya canja kan inji, ya sa aka kankare shi, ya canja kamshaf, to tsakanin sama da ƙasa ya canja, tsofaffin sanduna sun gama aikinsu. Dole a sake awo.

Garzali ya san haka, don Baturen da ke cikin wayarsa ya faɗa. Baturen yana da wata sanda mai zare wadda ake ƙara mata tsawo a rage, ya auna, ya juya inji da hannu, ya sake aunawa, ya cire gilashinsa ya goge, ya sake aunawa. Garzali ya gaji ya kashe shi.

"Wannan Baturen surutu gare shi. Mu da muka gaji awo a gida?"

Awon da ya gada na Inna ne. Suna yara, in Sallah ta zo, Inna ba ta jan kowa kasuwa. Sai ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta sa yaro ya taka, ta karya daidai babban yatsa, amma ta bar ɗan ƙari don ƙafa za ta girma. Ta ƙulle tsinken a bakin zane ta tafi Wambai ta dawo da takalmi. Haka Garzali ya yi. Ya zaro tsinke daga tsintsiyar matarsa Hafsat, ya zura a ramin sanda, ya karya, ya bar ƙari mai kyau.

"Ƙarin na mene ne?" in ji Sagiru, wanda ya mai da gindin darbejiyar tashar adaidaitarsa don kada komai ya wuce shi.

"Inji sabo ne, zai buɗe."

A Ƙofar Ruwa aka juye masa bokitin sanduna na motoci iri-iri, ya tsugunna ya zaɓi takwas daidai tsinkensa. Ya ɗaura, ya aika aka kirawo 'yan majalisa, har benci ya sa aka ajiye musu. Sagiru ya shiga ya riƙe mukulli, shi kuma Injiniya ya sunkuya a kan kafireto, inda inji yake shan mai, fuska kusa da baki, yana sauraro irin na likita.

"Murɗa!"

Inji ya juya wii, wii, wii, sakayau ba nauyi, bai kama ba.

"Kun ji sauƙi? Ko juyawarsa ma ta fi ta da. Ƙishirwa yake ji." Ya ɗauko gorar fetur ya tsiyaya a bakin kafireton. "Murɗa!"

Ƙarar da ta tashi an ji ta har bakin titin Zariya. Wuta ta yi tsalle daga kafireton ta gaishe da Injiniya a fuska. Benci ya kife da mutanen da ke kansa. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya shige kwata. Ladanin unguwa, wanda shekara da shekaru yake dogara sanda yana kukan gwiwa, ya tsallake lambatu tsalle ɗaya ya bar sandar a baya. Da hayaƙi ya washe sai ga Garzali a tsaye, babu gira ko ɗaya, gemu ya koma rabi.

"Kun ga ƙarfi?" ya ce yana tari. "Da can tana iya wannan?"

Da yamma Hafsat ta zaunar da shi a kujerar tsugunno ta ɗauko jagirarta.

"Baban Jannat, ka daina motsi mana."

"Ki yi min ta maza. Mai kauri."

"Ta maza ai a kan kafireto ka bar ta."

Ta zana, amma ta dama ta fi ta hagu hawa, don haka Garzali ya shiga gari da fuskar mutumin da aka gaya wa abin mamaki bai gama yarda ba. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ce, "Lafiya, Injiniya? Me ka ji?"

Bai yarda ya yi kuskure ba. Ya ce injin ne bai buɗe da wuri ba, amma tun da lokaci na tafiya zai rage wa sandunan kaɗan. Ana cikin haka sai ga mai wasa wuƙa yana wucewa da dutsensa na keke. Garzali ya tsayar da shi ya zube masa sanduna takwas.

"Alhaji, ni fa wuƙa da almakashi na sani."

"Duk ƙarfe ne. Ci min bakinsu. Ƙara. Ƙara kaɗan. Na ce ka ƙara, ni ne injiniya ko kai?"

Haka aka yi ta ƙarawa da ido, har aka gama babu biyu da suka zo daidai. Wannan karon inji ya kama, amma da wata irin ƙara, kaf-kaf-kaf-kaf, wadda ta sa ƙofofin gidaje suka fara buɗewa. An ɗauke wuta tun safe, mai markaɗen unguwa ya rufe, mata suna ta jira. Da suka ji ƙarar nan sai suka ɗauka wani mai injin fetur ne ya buɗe. Kafin Garzali ya ɗago kai, ga robobin tattasai da na wake a jere tun daga tayar gaba har soro.

"Malam, nawa a yi min shi da laushi," in ji wata dattijuwa.

"Baba, mota ce fa!"

"Ku bi layi," in ji Sagiru yana shirya robobin. "Injiniya ba ya son rububi. Masu wake su koma baya, sai an gama kayan miya."

Yaya Saudatu tana tsaye a bakin soro tana kallo. Ba ta yi dariya ba. Waya kawai ta ciro ta kira 'yan gwangwan a gabansa, ta ce su shafa wa kurarsu mai.

A makon nan Safiyya ta sauka, namiji. Aka yi ta murna ana shiga ana fita, amma ban da Garzali. Sai a lokacin ya gane da gaske motar Baba za ta iya tafiya, a yanka ta gunduwa-gunduwa a narkar, kuma da hannunsa ya kyautar da kayan da suke aiki. Tsoro ya kama shi sosai. Ya kunna Baturen nan ya kalle shi har ƙarshe, har da goge gilashin. Ya juya inji da hannu a hankali sai da tozon kamshaf ya kwanta, ya zura sabon tsinke, ya duba, ya sake dubawa, ya karya daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. A faɗi gaskiya ko don Allah, wannan karon Garzali ya auna daidai.

Yana shirin fita Hafsat ta tare shi da wani tsinken a hannu.

"Tun da kasuwa za ka, ka biya Wambai. Jannat ba ta da takalmin suna, ga awon ƙafarta. Tsaya in ɗaura masa zare kada ka haɗa da naka."

"Zare? Ni? Mutumin da yake bambance sifana da sifana ido a rufe?" Ya karɓa, ya saƙala ɗaya a bayan kunnen dama, ɗaya a bayan na hagu. "Dama inji, hagu yarinya. Shi ke nan."

Sagiru ya ɗauke shi a adaidaita. Suna hanya aka kira azahar, suka tsaya a wani masallaci na bakin titi. Garzali ya tsugunna da buta, ya wanke hannu, ya wanke fuska a hankali don kada gira ta tafi, ya zo shafar kai da kunnuwa. Ya zare tsinkayen biyu ya ajiye a kan takalminsa. Ya shafi kunnensa tsaf, ciki da waje, yadda malamai suka koyar. Da ya gama ya duba ƙasa, sai ga tsinkaye biyu kwance gefe da gefe, daga tsintsiya ɗaya, launi ɗaya, bambancinsu bai kai rabin gaɓar yatsa ba.

"Wanne ne wanne?" in ji Sagiru.

"Na inji zai yi warin baƙin mai."

Sagiru ya shinshina ɗaya, ya shinshina ɗayan. "Duka warin kunnenka suke. Mu koma gida a sake awo, ai ba nisa."

"In koma Hafsat ta ce da ma ta faɗa? Kai Sagiru, ka riƙa aiki da ƙwaƙwalwa. Mace ce ta auna wannan, mata kuwa ba sa awon takalmi ba su bar ƙari ba. Ni kuma ban bar ƙari ba. Saboda haka dogon na yarinya ne, gajeren na inji. Lissafi ne."

"Allah ya sa."

"Ba ruwan Allah ya sa, lissafi ne na ce maka."

A Wambai mai takalmi ya karɓi dogon tsinken ya jujjuya shi. "Shekarar yarinyar nawa?"

"Shida."

"To Allah ya raya. Ƙafar 'yar tara gare ta."

"Gado ne. Mu gidanmu manyan ƙafa ne."

Daga nan suka wuce Ƙofar Ruwa, ya zaɓo sanduna takwas daidai gajeren tsinken. A gida Jannat ta zura ƙafa a sabon takalmi mai fure, ta ɗaga ƙafa, takalmi ya zauna a inda yake. Hafsat ta dubi mijinta.

"Anya tsinkena ka bayar?"

"To na wa zan bayar? Ke ce kika cika ƙari."

"Ban bar ƙari ba fa. Na suna ne, so nake ya zauna mata."

Garzali ya yi kamar bai ji ba, ya fice wajen mota. Hafsat ta cusa tsumma a bakin takalman. Shi kuma a can waje ya jera sababbin sanduna, ya ga roka ba ta kai musu ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya tuna maganar da matarsa ta faɗa yanzun nan. Garzali sai ya kama notin saiti ya yi ta murɗawa har ƙarshen zare, sai da kowace roka ta ɗan taɓa kan sandarta da ƙyar. Marfin saman injin bai mayar ba, wai don ya riƙa gyara saiti a hanya. Bonet ɗin ma ya cire ya jingine, wai don Tarauni ta ga yadda sabon kan inji yake ƙyalli.

Ranar suna bayan azahar, lokacin yinin mata, Inna Kulu ta fito cikin farin leshi ta shiga gaba, ta yi bismilla, ta gyara zama. Yaya Saudatu da Hafsat da Jannat suka shiga baya da kulolin abinci. A bayansu Sagiru ne a adaidaita. A bayan Sagiru kuma 'yan gwangwan biyu ne da kurarsu, a ƙafa.

"Yaya, waɗannan kuma ina za su?"

"Rakiya."

Mota ta kama, ta tashi, tana kaf-kaf-kaf. Tun kafin su fita daga layi baƙin mai ya fara feshi daga buɗaɗɗen inji yana sauka a gilashin gaba. Garzali ya kunna waifa, waifa ta shafe shi ko'ina kamar ana yaɓen ɗaki. Dole ya fito da kai ta taga yana tuƙi, mai na sauka a goshinsa. Ya take totur har ƙasa. Mota ta ƙara ihu, gudu kuwa yana nan yadda yake. Ya duba madubi ya ga 'yan gwangwan suna biye, suna hira, ɗaya ma rake yake sha.

Wajen Unguwar Gano aka ji ƙil! Wani abu ya yi sama ya faɗa cikin baron mai lemo.

"Mene ne ya faɗi?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna. Takwas ne ai, ɗaya na ko-ta-kwana ne."

"Saura bakwai," in ji Yaya Saudatu daga baya.

Sagiru ya tsaya ya karɓo sandar, ya ba mai lemo haƙuri, ya kamo su ba tare da ya canja giya ba. Mota ta fara tafiya tana ɗingishi. Kusa da kasuwar Tarauni aka sake jin ƙil! Wannan karon a kan rumfar mai kifi ta sauka.

"Ita ma ta ko-ta-kwana ce?"

"Yaya, don Allah ki bar ni in ji da hanya."

'Yan gwangwan suka wuce su ta gefen dama, suka ce sannunku da hanya, suka je gaba suka sami inuwa suka zauna jira.

Da ƙyar da addu'a aka karya kwanar layin su Safiyya. Ga rumfa can an kafa, ga kujeru, ga mata cikin anko, ga ƙofar gidan a buɗe, gida huɗu ko biyar ne kawai tsakani. Garzali ya ji zuciyarsa ta yi fari.

"Inna, kin gani? Yaya, kin gani? Ina Sagiru? Na ce ina Sa—"

Ƙil!

Mota ta yi shaƙuwa, ta girgiza, ta yi shiru.

Ya murɗa mukulli. Ya sake murɗawa. Ya shafi sitiyari yana cewa, "Haba 'yar Malam, haba, ga gida can." Ya kama jijjiga jikinsa gaba da baya a kan kujera ko za ta gangara, ba ta motsa ba. Mata suka hango Inna suka taso da guɗa, suka kewaye motar, yara da masu tallan ƙofar suna suka biyo baya.

"Inna, ai mun zo," in ji Garzali. "Ga ƙofar can ana hangowa."

"Hangowa aka ce ko kaiwa?" in ji Yaya Saudatu.

"Layinsu ne fa! Duk layin nan 'yan uwan mijinta ne, kusan gida ɗaya ne."

Ganin taro ya haɗu, sai Injiniya ya fito ya tsaya a gaban inji, mai da gumi sun haɗu sun kwaso girarsa sun gangaro da ita har kumatu. Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a, ku shaida, aiki ba shi da laifi. Ƙarfen zamani ne, in ya ji zafi sai ya tsuke. Ni na auna sandunan nan da hannuna, awon da ko Bature sai ya sara min. In akwai wanda zai nuna min kuskure ko na ƙwayar gero a awona, wallahi na daina amsa sunan Injiniya."

Jannat ta gaji da zama, tana so ta ga jariri. Ta buɗe ƙofa ta dira ta ruga, takalman biyu suka tsaya a bakin mota, tsumma na leƙowa. Hafsat ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ta dubi takalmin, ta dubi sandunan uku da ke hannun Sagiru. Ta daɗe tana dubawa.

"Sagiru, miƙo min ƙarfen nan. Jannat! Zo nan. Taka."

Ta ajiye sandar a ƙasa, yarinya ta ɗora ƙafa a gefenta. Daga dunduniya zuwa babban yatsa, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Hafsat ta sa ta taka ta biyu, ta taka ta uku. Duka cif.

"Ga awona," ta ce. Ta ɗaga takalmin mai fure sama yadda kowa zai gani. "Wannan kuma na injin ne. Sai a sa masa."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Sagiru ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki yana cewa, "Lissafi ne! Wallahi lissafi ne!" Har mai jego sai da ta leƙo ta katanga da jariri a kafaɗa tana tambayar me aka samu. Yaya Saudatu ta yafito 'yan gwangwan da yatsa ɗaya.

Inna Kulu kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tana nan a kujerarta, ta ɗora tafin hannu a kan dashbod tana shafawa a hankali. Garzali ya sunkuyo ta taga.

"Motar nan," in ji Inna, ba ta dube shi ba, "ita ta kai ni asibiti ranar da zan haife ka, cikin ruwan sama, Malam yana tuƙi yana salati. Ba ta taɓa barina a hanya ba sai yau da ta samu injiniya."

Ta buɗe ƙofa da kanta ta fito. Garzali ya ji kunya da baƙin ciki sun taru sun rufe shi. 'Yan gwangwan suka ɗora kurarsu a kan but, suka sa kafaɗa. Motar Malam ta juya ta kama hanya shiru, ba tari ba kaf-kaf, da saurin da ba ta yi ba duk yinin ranar. Yana tsaye yana kallo har ta sha kwana.

Inna ta gyara mayafi za ta taka zuwa ƙofar da ƙafarta. Sai ta tsaya, ta sunkuya ta ɗauki sanda ɗaya daga ƙasa, ta goge man da ke jikinta, ta miƙa wa Hafsat.

"Adana wannan," ta ce. "Gobe ki kai Wambai da kanki a canjo wa yarinya takalmi. Shi dai ba ya karyewa, ba kuma ya shiga bayan kunne."